Illolin Cutar Korona Mai Tsanani da Haɗarin Mutuwa ga Majinyatan Asibiti: Nazari daga Ƙasar Kabi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin illolin da ke riskar mai cutar korona idan ciwon ya tsananta har ya kai shi ga gadon asibiti, da dalilan da ke sa wani ya tashi wani ya cika, ta hanyar tattara sakamakon manyan binciken da aka wallafa daga Sin da Turai da Amurka da Afirka a 2020 da 2021, sa'an nan ta auna su da halin zaman mutanen Ambursa da garuruwan fadamar Rima da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Abin da bahasin ya kai gare shi shi ne, a irin ƙasarmu, babban rabo na haɗarin mutuwa ya rataya ne ga jinkirin isa asibiti, da tsofaffin cututtukan da mai su bai san yana ɗauke da su ba, da ƙarancin iskar oksijin da masu lura da majinyaci, waɗanda dukkansu al'amura ne da hannun ɗan Adam yake iya kaiwa gare su.

Gabatarwa

A makon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya, wato ranar 11 ga Maris 2020, a makon ne aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan dogon hutu na kimanin shekara 10, har Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, kuma duk wanda ya san Ambursa ya san cewa baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Sa Ahmadu Bello ta nan yake bi kafin ya isa Matan Fada, inda ake kamun kifin. A lokacin mako biyu ke nan da tabbatar da cutar a jikin mutum na farko a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya, a Legas ranar 27 ga Fabrairu, saboda haka akasarin mutanen ƙasar Kabi a rediyo kawai suke jin labarinta. Ba a jima ba al'amari ya sake kama: ranar 17 ga Afrilu Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu a Legas, Kano ta shiga makokin da bayaninsa zai zo a gaba, a ƙarshen watan kuwa, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu, wanda ya dawo daga Legas, aka kuma tanadi wurin killace masu cutar a asibitin jiha da ke Kalgo. A wannan shekara filin jirgin Ambursa bai ga tashin alhazai ba, domin Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji ga mazauna cikinta.

An yi ta faɗakar da jama'a a kan wanke hannu da sa takunkumi da barin cunkoso, wanda hakan daidai ne, amma abin da ke gudana bayan an shigar da majinyaci ɗaki an rufe ƙofa ya zauna a matsayin gaibi ga danginsa, kuma inda ilimi ya yi ƙaranci zato ne ke cike gurbin. Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin cutar ranar 5 ga Mayu 2023, ƙwayar ba ta gushe ba tana yawo, kuma darasin da ta bari ya shafi kowane ciwon ƙirji mai tsanani da zai zo bayanta.

Hanyar bahasi da matsayin hujjoji

Hujjojin da aka dogara da su iri uku ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Mafi ƙarfi shi ne gwajin magani da aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu aka hana wasu, domin shi ne ke iya nuna sababi da musabbabi. Na biyu shi ne bibiyar dubban majinyata daga shigarsu asibiti zuwa fitarsu ko rasuwarsu, wanda ke nuna abin da ya lizimci mutuwa ba tare da ya tabbatar cewa shi ya jawo ta ba. Na uku shi ne alƙaluman hukuma da tambayar iyalan mamaci, wanda ya fi sauran rauni amma ya fi su kusa da gida. Inda aka ɗauko hukunci daga wata ƙasa aka ɗora shi a kan ƙasar Kabi, to ƙiyasi ne aka yi, kuma sharaɗin ƙiyasi, kamar yadda malamanmu na usuli suka karantar, shi ne a tabbatar illar hukuncin tana nan a reshe kamar yadda take a asali.

Yadda ciwon ke tafiya a jiki

Babban rahoton farko ya fito ne daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Sin a Fabrairu 2020, a kan mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu: kashi 81 cikin 100 ciwonsu mai sauƙi ne, kashi 14 mai tsanani, kashi 5 kuma sun kai ga halin rai-kwakwai mutu-kwakwai, kuma cikin wannan rukuni na ƙarshe kusan rabi, wato kashi 49, sun rasu. Wannan rabon shi ne asalin ruɗanin da ya sami jama'armu, domin wanda ya ga mutum takwas cikin goma sun warke da 'yar mura da masassara yana da uzuri idan ya ce abin ba wani abu ba ne, alhali kuwa sauran biyun ne ake magana a kansu.

Binciken da Zhou da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a Maris 2020, a kan majinyata 191 na asibitoci biyu na birnin Wuhan, waɗanda 54 daga cikinsu suka rasu, shi ya fito da jadawalin kwanakin ciwon a fili. Zazzaɓi da tari su ne farko. Ƙuncin numfashi yakan bayyana ne wajen kwana na 7. Lalacewar huhu mai tsanani wajen kwana na 12. Waɗanda ajali ya riska kuwa, matsakaicin abin da suka yi daga fara ciwo zuwa rasuwa kwana 18 da rabi ne. Ma'anar wannan ga mai jinya a gida babba ce ƙwarai: makon farko ƙwayar ce ke hayayyafa, mako na biyu kuwa garkuwar jiki ce ke wuce haddi wajen yaƙarta, har ta kai ga kumbura huhun da take nufin karewa, saboda haka sau da yawa lokacin da zazzaɓi ya lafa, dangi suka soma yi wa juna barka, shi ne ainihin lokacin da haɗari yake ƙaratowa.

Huhu cike yake da miliyoyin 'yan jakunkunan iska masu siririn bango, inda oksijin ke ratsawa ya shiga jini. Idan kumburi ya kama su, ruwa ya kwararo daga jijiyoyi ya cika su, sai su zama kamar gonar shinkafa ta fadama a ambaliyar 2020, shukar tana nan tsaye amma ruwa ya shanye kanta. Abin da ya fi ba likitoci mamaki shi ne, majinyaci da yawa ba sa jin wannan shaƙewa yadda ya kamata. Za a ga dattijo zaune a kan tabarma ya jingina da bango, yana amsa gaisuwa yana cewa da sauƙi, gajiya ce kawai, amma da an maƙala masa 'yar na'urar nan mai kama yatsa, mai jan haske, sai lamba ta fito 82 ko 78 a inda mai lafiya ke nuna 95 zuwa sama, kuma in an zuba ido a kan kafaɗunsa za a ga suna ɗagawa suna sauka da sauri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, duk baligin da awonsa ya gaza 90, ko numfashinsa ya haura 30 a minti ɗaya, to ciwonsa ya shiga babin mai tsanani, kuma wurinsa inda oksijin yake.

Ciwon ba ya tsayawa a huhu. Yana taɓa bangon jijiyoyin jini har jini ya riƙa daskarewa a ciki, kuma gudan jinin na iya toshe jijiyar ƙafa, ko ya tafi huhu ya kashe mutum farat ɗaya, ko ya je ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki; a Holan an bi majinyata 184 na ɗakunan kulawa ta musamman aka tarar kashi 31 cikin 100 sun gamu da wannan illa, duk da ana ba su maganin riga-kafinta. Ƙoda ma ba ta tsira ba: a asibitocin jihar New York, cikin majinyata 5,449, kashi 36.6 ƙodarsu ta sami rauni. Ɗaya daga cikin manyan bincike a wannan fage shi ne na Drake da jama'arsa a Birtaniya, wanda Lancet ta buga a Yuli 2021, a kan mutum 73,197, inda aka tarar kashi 49.7 sun sami aƙalla illa ɗaya, ƙoda ce kan gaba da kashi 24.3, sai illolin huhu masu sarƙaƙiya da kashi 18.4, na zuciya da jijiyoyi kashi 12.3. Har matasa 'yan shekara 19 zuwa 29 da aka kwantar, fiye da rubu'insu ba su tsira daga wata illa ba.

A ganina, ga mutanen wannan yanki batun ƙoda ya cancanci a tsaya a kansa fiye da yadda aka tsaya, saboda illar ƙiyasin a nan ta fi ƙarfi a reshe bisa ga asali. Cutar ta iso mana ne a tsakiyar bazara, cikin azumi, lokacin da zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Mai zazzaɓi yana zufa, yana numfashi da sauri, ba ya son ci ba ya son sha, wataƙila ma ya ƙi karɓar rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya ya dage sai ya kai azuminsa, sa'an nan ya haɗiyi magungunan ciwon jiki daga kemis, irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda aka san suna cutar da ƙodar da ruwa ya ƙaranta mata. Raunin ƙoda kuwa ba ya ihu. Alamarsa ta farko raguwar fitsari ce, wadda ba mai lura da ita sai wanda aka ce masa ya lura, kuma idan ya kai ga buƙatar wankin ƙoda, to an shiga wani babi na kuɗi da tafiya wanda gida kaɗan ne ke iya ɗauka.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Kan shekaru babu saɓani. A rahoton Sin, mutuwa kashi 2.3 ce ga jimla, amma ta kai kashi 8 ga 'yan 70 zuwa 79, da kashi 14.8 ga waɗanda suka kai 80. A Birtaniya, cikin majinyata 20,133 da mujallar BMJ ta ba da labarinsu a Mayu 2020, matsakaicin shekaru 73 ne, kuma kashi 26 sun riga sun rasu lokacin da aka rufe lissafi. Tun da rabin al'ummar Nijeriya ba su wuce shekara 18 ko 19 ba, waɗanda suka kai 65 kuma ba su fi kimanin kashi 3 cikin 100 ba, to wannan kaɗai ya isa ya bayyana wani sashe na sauƙin da muka samu, kuma ni'ima ce da ta wajabta godiya.

Sai dai ni'imar ta jimla ce. Ba ta amfanar wanda ya riga ya kwanta. Binciken Farfesa Akin Osibogun da abokansa a kan majinyata 2,184 na cibiyoyin killacewa a kudu maso yammacin Nijeriya, wanda ya fito a 2021, ya nuna kashi 3.3 ne suka rasu, kashi 22.5 kuma suna ɗauke da wata tsohuwar cuta, mafi yawa hawan jini sai ciwon sukari. Haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau 2 ga mai hawan jini, kusan sau 4 ga mai ciwon sukari, fiye da sau 12 ga mai ciwon ƙoda. Idan aka haɗa wannan da ƙiyasin Adeloye da jama'arsa na 2021, cewa kashi 32.5 na baligan Nijeriya suna da hawan jini amma kashi 29 kacal daga cikinsu suka san suna da shi, sai a gane cewa tambayar da ake yi wa majinyaci a bakin ƙofa, wai ko yana da hawan jini ko sukari, amsarta ba hujja ba ce. Manomin shinkafa ɗan shekara 60 da bai taɓa miƙa hannu an ɗaura masa abin awo ba zai amsa da cewa lafiyarsa lau, kuma gaskiya ya faɗa gwargwadon saninsa. Wajibin asibiti ne ya auna.

Abin da binciken Afirka ya nuna

Hujjar da ta fi kowace nauyi a wannan mas'ala ita ce binciken da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta, wanda Lancet ta buga a Mayu 2021. An bi majinyata 3,140 da aka kwantar a ɗakunan kulawa ta musamman na asibitoci 64 a ƙasashe 10, cikinsu har da Nijeriya da Nijar, daga Mayu zuwa Disamba 2020, aka tarar kashi 48.2 sun rasu cikin kwana 30, alhali matsakaicin duniya a lokacin kashi 31.5 ne. Abin lura a nan shi ne, matsakaicin shekarun waɗannan majinyata bai kai 56 ba, wato sun fi takwarorinsu na Turai ƙuruciya, amma duk da haka sun fi su mutuwa. Cututtukan da suka lizimci rasuwa su ne ciwon hanta na tsawon lokaci, da ƙanjamau, da ciwon ƙoda, da ciwon sukari. Amma a tsakiyar wannan jeri akwai wani sababi wanda ba cuta ba ne, wato jinkirin kwantar da majinyaci saboda rashin gado ko kayan aiki, wanda shi kaɗai ya ninka haɗarin mutuwa fiye da sau 2. Kusan rabin waɗanda aka tura domin kulawa ta musamman ba su ma sami shiga ba.

Wannan bincike an yi shi ne galibi a manyan asibitocin koyarwa na birane, saboda haka abin da ya nuna shi ne mafi kyawun hali. Mutumin Ambursa yana cikin masu sa'a, tun da yana bakin kwalta, kusa da Asibitin Tunawa da Sa Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya na Birnin Kebbi. Na ƙauyukan cikin fadama, wanda da damina sai ya shiga kwalekwale kafin ya hau babur kafin ya sami mota, tasa tafiyar daban ce. Amma ko ga na bakin kwalta, jinkirin da ya fi tsawo a gida yake faruwa. Zazzaɓin farko maleriya ake ce masa, a sayi magani. In bai sauka ba a ce taifod ne, a je kemis a yi allura ko a ɗaura ruwa. In idanu suka sake a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Ga kuma maganar da ta cika gari a lokacin, cewa korona ciwon masu kuɗi ne da masu hawa jirgi, da tsoron cewa wanda aka kai wurin killacewa ba a barin 'yan'uwa su gan shi, in ya cika ba a ba da gawarsa a yi mata sutura yadda addini ya tanada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira wauta, domin maleriya ita ce ta saba kama su kuma haƙƙin mamaci abu ne mai girma, amma jimlarsu ita ce kwana bakwai ko goma, wato daidai kwanakin da jadawalin Wuhan ya nuna huhu na cika da ruwa.

Matattun da ba su shiga lissafi ba

Alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, sun tsaya a kan kimanin mutum 267,000 da suka kamu da 3,155 da suka rasu a Nijeriya duka; rabon Jihar Kebbi, mai mutum fiye da miliyan 3 tun a ƙidayar 2006, bai kai 500 ba a masu kamuwa, bai kai 20 ba a masu rasuwa. Wanda ya karɓi wannan adadi a matsayin yaƙini ya yi gaggawa. Awon jinin da NCDC ta yi a ƙarshen 2020 ya nuna kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da Inugu, kashi 19 na Nasarawa, da kashi 9 na Gwambe sun riga sun gamu da ƙwayar, wato miliyoyin mutane, a lokacin da lissafin hukuma na ƙasar duka bai kai 100,000 ba.

Kano ce ta nuna mana haka da idanunmu. A Afrilu 2020 masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa gawawwaki sun yi yawa, kuma birnin ya rasa malaman jami'a da alƙalai da dattawa cikin 'yan makonni. Ranar 8 ga Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon tambayar iyalai: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kimanin 43 a rana a maimakon 11 da aka saba, kashi 50 zuwa 60 daga ciki ana kyautata zaton korona ce ta jawo ko ta taimaka, akasarinsu sun haura shekara 65 kuma suna da tsofaffin cututtuka, kuma kashi 56 a gida suka cika. A Lusaka ta Zambiya an auna gawa 364 a ɗakin ajiye gawa aka sami ƙwayar a jikin 70, waɗanda mafi yawansu a gida suka rasu ba tare da an taɓa gwada su ba. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta rarar mace-mace ta 2020 da 2021 a kan miliyan 14.9, kusan ninki uku na abin da gwamnatoci suka bayar. A ƙasar da ake sallar jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, kuma rubuta mutuwa a ofis bai zama al'ada ba, ƙididdigar asibiti tana ba da labarin waɗanda suka iso ne kawai.

Abin da ke rage haɗari

Malaman wannan ƙasa ba su taɓa ɗaukar neman magani kishiyar tawakkali ba. Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi talifi a kan lafiyar jiki, kuma labarin komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham saboda annoba sananne ne ga kowane ɗalibi. Ajali na Allah ne, riƙo da sababi kuwa umarni ne, kuma tanadin abin da zai ceci rai a gari yana cikin farali na kifaya, wanda idan kowa ya bar shi kowa ya ɗauki alhaki.

Sababin da hujjarsa ta fi ƙarfi ya zo da araha. Gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, wanda Peter Horby da Martin Landray suka jagoranta, ya nuna a 2020 cewa dekzametason, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, ya rage mutuwa daga kashi 41.4 zuwa 29.3 ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, daga 26.2 zuwa 23.3 ga waɗanda ke shaƙar oksijin. Binciken Afirka ma ya tarar masu samun irin wannan magani sun fi tsira. Amma gwajin ya nuna babu wani amfani ga wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba, la'alla ma da cutarwa, kuma wannan rabin hukuncin ne ya fi shafarmu, domin dekzametason yana kan kantar kowane kemis, yana tayar da sukari, yana raunana garkuwar jiki, kuma Indiya ta ga sakamakon sakin hannu da shi a 2021, lokacin da wata muguwar cutar fumfuna ta riƙa cin hanci da idanun masu ciwon sukari. Gwajin dai shi ne ya tabbatar cewa haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da aka yi ta rububinsa, ba ya rage mutuwa.

Sauran sababan aikin hannu ne da ido. Kwantar da majinyaci rub-da-ciki na sa'o'i yana buɗe sassan bayan huhu, kuma ba ya cin ko kwabo. Allurar hana daskarewar jini ga wanda aka kwantar, awon sukari safe da yamma ga wanda ake ba dekzametason, auna fitsari a kwalba a rubuta, da ƙidaya numfashi da agogo, duk suna cikin ikon babban asibitin Argungu kamar yadda suke cikin ikon Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai ma'auni mai sauƙi da binciken Afirka ya tarar yana hasashen mutuwa: numfashi 22 ko fiye a minti, awon jini na sama 100 ko ƙasa, da gushewar hankali; wanda ya haɗa biyu daga cikinsu ba a barinsa a layi. Na'urar yatsa ma tana da aibin da ya wajaba ma'aikatanmu su sani: Sjoding da abokansa a Michigan sun nuna a Disamba 2020 cewa tana ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙar fata kimanin ninki uku na yadda take yi ga farar fata, kashi 11.7 a kan 3.6, saboda haka lamba 92 a yatsan Bakabe mai haki ba ta isa a sallame shi ba.

Oksijin shi ne ginshiƙi. An yi ta maganar na'urorin numfashi a jaridu, alhali na'urar ba ta da amfani in babu likitan da ya ƙware da ita, da ma'aikaciyar jinya a gefen gado dare da rana, da wutar da ba ta ɗaukewa. Akasarin masu ciwo mai tsanani abin da suke buƙata shi ne iska ta bututun hanci ko abin rufe fuska, ba yankewa, na kwanaki. Majinyaci ɗaya mai shan lita 10 a minti yana iya shanye manyan tukwane biyu a yini da dare, kuma duk wanda ya taɓa ganin dangi sun kewaye tukunya suna kallon allurar agogonta tana sauka ya san ma'anar wannan lissafi. A Janairu 2021 gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 6.45 domin kafa injinan samar da oksijin a wurare 38, wanda mataki ne mai kyau, sai dai darajar inji tana ga gyaransa da wutar da ke juya shi bayan shekara biyar, kuma yaron da namoniya ta kama da matar da ta zubar da jini wurin haihuwa suna da haƙƙi a kansa daidai da mai korona. Riga-kafin da ya fara isowa Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ya rage yawan masu kaiwa ga wannan hali, musamman dattawa.

Abin da ya rage ga masu bincike na wannan jiha shi ne su koma ga fayilolin Kalgo da Birnin Kebbi da Argungu na 2020 da 2021 tun kafin gara da ƙura su cinye su, su fitar wa kowane majinyaci da abu shida: garin da ya fito, kwana nawa tsakanin fara ciwo da isowa, awon oksijin a bakin ƙofa, awon jini da sukari da ƙoda, sa'o'in da ya jira kafin a sa masa iska, da yadda ya ƙare. Sa'an nan a bi limamai da masu unguwanni na Ambursa da maƙwabtanta, waɗanda su ne suka sallaci mamatan wancan azumi da na hunturun da ya biyo baya, a tambayi iyalai bisa tsarin da aka bi a Kano, da izininsu da kiyaye sirrinsu, domin a san dattawa nawa ne suka cika a gida da haki da tari, kuma a kwana na nawa.